Me Ya Sa Rediyon 'Yan Sanda Ba Ya Jin Na 'Yan Kwana-Kwana Ranar Masifa?

Tsakanin rushewar benen kudu da na arewa a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke birnin Niyok, ranar 11 ga Satumba 2001, bayan harin da aka kai musu da jiragen sama, mintuna 29 ne kacal. Na kudu ya zube da ƙarfe 9:59 na safe, na arewa kuma ya bi bayansa da ƙarfe 10:28. A wannan ɗan tsakanin, matuƙan jirage masu saukar ungulu na 'yan sanda, waɗanda ke shawagi a saman wurin, sun hango abin da na ƙasa ba su da halin gani. Sun ba da rahoto cewa saman benen arewa ya yi jajir da wuta, sannan da misalin ƙarfe 10:08 ɗaya daga cikinsu ya faɗa ta rediyo cewa ba ya jin ginin zai daɗe a tsaye. Wannan magana ta bi tashar 'yan sanda, kuma a nan ta tsaya. Ba ta isa kunnen shugabannin 'yan kwana-kwana ba, alhali mutanensu masu yawa suna kan matakalar benen, domin rediyon hukumomin biyu ba a zango ɗaya yake ba, kuma babu jami'in kashe gobara ko ɗaya a cikin jiragen. A ranar, hukumar kashe gobara ta birnin ta rasa mutum 343, rundunar 'yan sandan birnin ta rasa 23, 'yan sandan hukumar tashoshin jirage mai mallakar gine-ginen kuma suka rasa 37.

Tun daga lokacin, duk inda aka zauna ana maganar yadda hukumomin agajin gaggawa za su riƙa jin juna ta rediyo, da wannan misali ake buɗe taro. Abin takaici shi ne darasin da galibi ake ɗauka daga cikinsa, wato a ware kuɗi a sayo wa kowa sabbin na'urorin oba-oba iri ɗaya, shi ke nan an huta. Abin da ya faru a Niyok kansa bai goyi bayan wannan fahimta ba, haka ma abin da ya biyo baya a Amurka da Birtaniya cikin shekaru ashirin da suka wuce. Na'ura tana da nata kason laifin, kuma ba ƙarami ba ne, amma ita ce sashen da kuɗi ke iya magancewa. Sashen da ya fi gagara shi ne hukumomi su amince tun kafin masifa a kan wanda zai ja ragama, da tashar da shugabanni za su haɗu, da irin kalmomin da za a yi magana da su, sannan su saba da yin hakan a ayyukan yau da kullum.

Kwamitin binciken harin, wanda ya fitar da rahotonsa a Yulin 2004, ya bi lamarin daki-daki, kuma abin da ya gano ya fi labarin jirgin mai saukar ungulu sarƙaƙiya. Oba-oban 'yan kwana-kwana masu ƙaramin ƙarfi ne, suna magana kai tsaye daga hannu zuwa hannu ba tare da bi ta wani turke ba, kuma tun a harin bam da aka kai wa cibiyar a 1993 aka ga cewa muryarsu ba ta iya ratsa ƙarfe da kankaren hawa masu yawa. Saboda haka a 1994 aka girka wa gine-ginen na'urar da ke karɓar murya ta ƙara mata ƙarfi ta sake watsa ta. Da safiyar harin, shugabanni biyu suka gwada ta a falon ƙasa na benen arewa, ba su ji juna ba, sai suka yanke cewa ta lalace suka koma tasharsu ta kullum. Daga baya aka gano cewa tashar na aiki, domin da ita wani shugaban ayari, Orio Palmer, ya riƙa magana da mutanensa a benen kudu har ya kai hawa na 78. Da benen kudu ya faɗi, cikin minti ɗaya aka ba da umarnin kowa ya fice daga na arewa, amma da yawa ba su ji ba. Wasu murya ba ta kai inda suke ba, wasu tashar da suke kai ta cika maƙil da masu magana a lokaci guda, wasu kuma sun taho ne daga gida ba lokacin aikinsu ba, babu rediyo a hannunsu. Waɗanda suka ji ma galibinsu ba a gaya musu cewa ɗaya benen ya rushe gaba ɗaya ba, don haka suka riƙa saukowa a hankali, suna tsayawa su taimaki wasu ko su ɗan huta. Ayarin 'yan sanda na musamman kuwa, waɗanda sansaninsu ke waje inda aka ga rushewar ido da ido, an faɗa musu abin da ya faru ƙarara.

Kwamitin ya yanke cewa gazawar rediyon 'yan kwana-kwana ta taimaka wajen asarar rayuka, amma ba ita ce babban dalili ba. Wannan hukunci ya dace a tsaya a kansa. 'Yan sanda sun kafa sansanin ba da umarni a wuri ɗaya, 'yan kwana-kwana sun kafa nasu a wani wurin, kuma ofishin da aka ɗora wa alhakin haɗa kan hukumomin birnin yana cikin gini mai lamba 7 na cibiyar, wanda aka kwashe mutane daga cikinsa da misalin ƙarfe 9:30. Da a ce shugabannin hukumomin biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a wuri ɗaya, da rahoton matuƙin jirgi ya wuce daga baki zuwa kunne ba tare da buƙatar wata sabuwar na'ura ba. Hasali ma, gargaɗin da wani injiniya ya yi cewa gine-ginen na iya zubewa, wani ma'aikacin agaji ne ya kai wa babban shugaban 'yan kwana-kwana shi da ƙafa, 'yan mintuna kafin benen kudu ya faɗi.

Duk da haka ya kamata a fahimci yadda aka yi na'urorin suka rarrabu, domin ba sakacin mutum ɗaya ba ne. Mai sauraren rediyo ya san cewa idan ya kama tashar FM ba zai ji abin da ake watsawa a gajeren zango ba, ko da a gari ɗaya ake watsa su, kuma haka lamarin yake a nan. A Amurka, hukumar kula da sadarwa ta tarayya ta riƙa raba wa hukumomin tsaro da agaji zango ne gwargwadon yadda buƙata ta taso cikin gomman shekaru. An fara da na ƙasa, tsakanin megahaz (ma'aunin zangon rediyo) 30 zuwa 50, da ya cika aka hau wajen 150, daga nan 450, sai 800, daga baya kuma 700. Kowane zango yana da halinsa. Na ƙasa yana cin nisa a fili da daji, don haka ya dace da 'yan sandan manyan hanyoyi da masu kashe gobarar daji, na sama kuma ya fi iya kutsawa ta tagogi da lungunan birni, amma yana buƙatar turaku masu yawa. Kowace hukuma ta zaɓi abin da ya dace da aikinta da aljihunta a shekarar da ta yi sayayya, kuma zaɓin yana da ma'ana a lokacin. To amma ƙasar tana da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000 da na kashe gobara kusan 30,000, kowace da kasafin kuɗinta da majalisar da ke amince mata, kuma tsarin rediyo kan yi shekara 15 zuwa 20 kafin a sauya shi. Idan wannan gari ya sayi nasa bana, maƙwabcinsa kuma ya saya shekara bakwai baya, da wuya lokacin sauyinsu ya zo ɗaya balle su haɗa kai su sayi iri guda.

Sai kuma kamfanoni suka ƙara wani shingen. A shekarun 1980 da 1990 aka rungumi tsarin da kwamfuta ke raba tashoshi, inda hukuma ke da 'yan tashoshi a tara, duk wanda ya danna maɓalli sai kwamfuta ta ba shi wadda babu kowa a kai, idan ya gama ta karɓe ta ba wani. Wannan dabara ta rage cunkoso ƙwarai, amma harshen da rediyo ke magana da kwamfutar sirrin kamfani ne. Tsarin SmartNet na Motorola da EDACS na Ericsson da General Electric duk suna aiki a zangon 800, amma rediyon wannan ba ya shiga tsarin wancan. Ko kamfani ɗaya ne ya ƙera su, baƙon rediyo ba ya magana sai an yi masa rajista a kwamfutar masu gida tun da farko. Don warware wannan ne ƙungiyar jami'an sadarwar hukumomin tsaro da agaji, APCO, ta jagoranci fara tsara ƙa'idar bai ɗaya mai suna P25 a 1989, Turai kuma ta fitar da tata mai suna TETRA a tsakiyar shekarun 1990. Ƙa'idojin biyu ba sa jin juna, kuma a cikin Turai ma Faransa ta bi wani tsarin daban mai suna Tetrapol, yayin da maƙwabtanta Jamus da Beljiyam suka bi TETRA. P25 kanta ta ɗauki shekaru masu yawa ana rubuta sassanta, kuma a tsawon wannan lokaci kamfanoni sun riƙa sayar da na'urori masu ɗauke da sunanta tare da ƙarin wasu dabaru na kansu, musamman hanyar kulle murya don kada ɓarayi da 'yan sa ido su saurara. 'Yan sanda suna da hujja mai ƙarfi ta kulle maganarsu, amma duk tashar da aka kulle ta zama haramtacciya ga wanda ba a ba shi mabuɗi ba, ko da motarsa ta asibiti tana tsaye a wurin da ake neman ta.

Akwai hanyoyin rage zafi da aka daɗe ana amfani da su. Mafi sauƙi ita ce a ajiye tarin oba-oba a miƙa wa baƙin da suka zo taimako, ko shugabanni su yi musayar rediyo. Akwai kuma na'urar da ke ɗinke tashoshi biyu na zango daban, ta ɗauki muryar wannan ta zuba a waccan, sannan a kowane zango an keɓe wasu tashoshi na ƙasa baki ɗaya domin haɗuwar hukumomi. Yanzu ma akwai oba-oba mai kama zango uku ko huɗu, sai dai kuɗin guda ɗaya dubban daloli ne. Kowace hanya tana da iyakarta, amma akwai wata iyaka da ta shafe su duka, wadda masu sayayya kan manta da ita: a tashar rediyo mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda. Idan aka ɗinke tashar 'yan sanda da ta 'yan kwana-kwana ba tare da tsari ba, an ninka yawan masu neman magana ne a kan hanya ɗaya, kuma ihun neman ceto na wanda gini ya danne shi yana iya nutsewa a cikin hayaniyar. Saboda haka burin ba shi ne kowa ya ji kowa ba. Abin da ake so shi ne mai riƙe da mesa ya ci gaba da jin shugaban ayarinsa kawai, shugabanni kuma su sami tasha ɗaya mai sarari inda muhimmin labari zai tsallaka daga hukuma zuwa hukuma cikin daƙiƙoƙi. Yanke shawarar wane ne zai hau wannan tasha, da wane labari ne ya isa a kai can, ba aikin injiniya ba ne.

Shaidar da ta fi gamsar da ni a kan haka ta fito ne daga ranar 11 ga Satumba ɗin kanta, a ginin Pentagon, hedkwatar ma'aikatar tsaron Amurka da ke kusa da Washinton, wanda shi ma aka kai wa hari. Hukumomi kusan 50 ne suka hallara a wurin, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa yawancin ma'aikatan ƙananan hukumomin yankin da suka fara isa ba su sha wahalar jin juna ba, ko da yake an sami tangarɗa da wasu hukumomin jiha da na tarayya. Dalilin yana komawa ga ranar 13 ga Janairu 1982, lokacin da jirgin saman kamfanin Air Florida ya daki gadar titi na 14 a Washinton ya faɗa kogin Potomac cikin tsananin sanyi, mutum 78 suka mutu, kuma a yammacin ranar jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin ya kauce daga layinsa. Masu agajin da suka taho daga Virginia da Maryland da Washinton sun kasa magana da juna. Bayan wannan ne hukumomin yankin suka shafe shekaru suna zama tare, suka ƙulla yarjejeniyar taimakon juna, da yawansu suka koma tsarin rediyo mai jituwa, suka zuba tashoshin juna a na'urorinsu, kuma suka saba fita gobarar maƙwabta a kullum. Da ranar ta zo, hukumar kashe gobara ta gundumar Arlington ce ta ja ragamar aikin ceto a ƙarƙashin tsarin umarni da kowa ya sani. Wajibi ne a faɗi cewa ginin Pentagon hawa biyar ne, ba 110 ba, don haka kwatanta wuraren biyu yana da iyaka. Amma ta fuskar haɗin kan hukumomi, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mutanen yankin Washinton sun fafe nasu shekara goma sha tara kafin nan.

Guguwar Katrina da ta afka wa kudancin Amurka a Agustan 2005 ta nuna wani abu da ya gabaci duk wannan. Layukan tarho sama da miliyan uku sun katse, turakun wayar salula fiye da dubu sun daina aiki, cibiyoyin karɓar kiran gaggawa 38 sun tsaya, kuma tsarin rediyon 'yan sandan New Orleans ya mutu, jami'ai suka cunkushe a 'yan tashoshin taimakon juna da suka rage. Hukumar da ba ta iya jin mutanenta ba ta kai ga matsalar jin wata hukuma ba tukuna. Janareta da man da zai ci, da batir, da tsayin wurin da aka ajiye na'ura daga inda ruwa ke kaiwa, duk suna cikin wannan lissafi.

Bayan waɗannan masifu gwamnatin Amurka ta zuba biliyoyin daloli a kan sadarwar gaggawa, kuma ma'aikatar tsaron cikin gida ce aka ɗora wa jagorancin gyaran. A Nuwamban 2012 babban mai binciken ma'aikatar ya gwada ma'aikatanta na kanta. Ma'aikatar tana da tasha ɗaya da ta keɓe domin sassanta su riƙa haɗuwa, kuma ta kashe kimanin dala miliyan 430 a kan rediyo, amma cikin ma'aikata 479 da aka gwada, mutum ɗaya tak ya iya nemo tashar ya yi magana a kanta. Yawancinsu ba su ma san da ita ba, kuma cikin na'urorin da aka duba, kashi 20 cikin ɗari ne kawai aka saita su daidai. Babu zangon da ya hana su, babu kamfanin da ya tare musu hanya. Irin wannan ce matsalar kalmomi ma. 'Yan sandan Amurka sun gaji al'adar magana da lambobi masu farawa da goma, amma ma'anar lambobin ta bambanta daga runduna zuwa runduna, har ta kai lambar da ke nufin haɗarin mota a nan tana iya nufin jami'i yana cikin hatsari a can. Shi ya sa tsarin tafiyar da masifu na ƙasa da aka kafa a 2004 ya buƙaci a yi magana da kalmomi na zahiri duk lokacin da hukumomi suka haɗu. Sai dai wanda ya shekara ashirin yana magana da lambobi, idan hankalinsa ya tashi, bakinsa abin da ya saba zai furta, don haka wasu jihohi irin su Virginia suka ga gara a bar lambobin a aikin kullum ma.

Birtaniya ta bi wata hanyar daban, kuma labarinta ya fi koyarwa domin ta kai inda Amurka ba ta kai ba. Bayan gobarar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta King's Cross a Landan, ranar 18 ga Nuwamba 1987, wadda ta kashe mutum 31, rahoton binciken Desmond Fennell ya ba da shawarar a samar da rediyo mai aiki a ƙarƙashin ƙasa wanda 'yan sandan sufuri da 'yan kwana-kwana za su ji juna da shi. Da aka kai harin bam ranar 7 ga Yuli 2005, inda mutum 52 suka mutu, har lokacin masu agaji da gudu suke kai saƙo tsakanin ramin jirgi da bakin titi, shugabanni da yawa kuma sun dogara ne ga wayar salula, wadda layukanta suka toshe saboda yawan kira. A ƙarshe ƙasar ta kammala shimfiɗa tsari guda mai suna Airwave, bisa ƙa'idar TETRA, wanda 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan motocin asibiti na Ingila da Sikotilan da Wales suke kai baki ɗaya, har da ƙarƙashin ƙasa a Landan. Ta fuskar na'ura an rufe wannan babi.

Sai ga harin bam na filin taro na Manchesta, ranar 22 ga Mayu 2017, da ƙarfe 10:31 na dare, wanda ya kashe mutum 22. Hukumomin uku suna kan tsarin rediyo ɗaya, kuma tun kafin nan ƙasar ke da rubutattun ƙa'idojin aikin haɗin gwiwa. Duk da haka motocin kashe gobara ba su isa wurin ba sai bayan sama da sa'a biyu. Jami'in 'yan sanda mai kula da aiki a daren ya ayyana shirin tunkarar 'yan bindiga, bai sanar da sauran hukumomin ba, aiki ya yi masa yawa, layin tarhonsa kuma ya toshe da kira. Jami'in 'yan kwana-kwana ya yi ta neman sa ta tarho bai same shi ba, sai aka tara motoci a wata tasha mai nisan kimanin mil uku ana jiran tabbacin cewa wurin ba shi da hatsari, alhali ma'aikatansu sun ƙware wajen ɗaukar waɗanda suka ji rauni, kuma a can ana ta ɗaukar mutane a kan shingen ƙarfe da allunan talla. Binciken da Sir John Saunders ya jagoranta ya bayyana a Nuwamban 2022 cewa hukumomin sun gaza yin aiki tare, kuma da an yi abin da ya dace, mai yiwuwa ne ƙwarai ɗaya daga cikin mamatan ya rayu. Wannan lamari yana ci mini rai fiye da na Niyok, domin a nan kowa yana da na'urar da za ta kai shi ga ɗan'uwansa da danna maɓalli, amma da abin ya rikice sai kowa ya koma ga wayar da ya saba da mutanen gidansa.

Fatan da ake yi yanzu ya koma kan intanet na wayar salula. A 2012 majalisar dokokin Amurka ta kafa hukumar FirstNet, ta ba ta dala biliyan 7 da megahaz 20 a zangon 700, a 2017 kuma aka ba kamfanin AT&T kwangilar shekara 25 ya gina mata hanyar da masu agaji ke da fifiko a kan sauran jama'a idan layi ya cunkushe. Amfaninta a bayyane yake wajen aika hoto da bidiyo da taswirar gini da wurin da kowane jami'i yake. Amma hukumomi ba su ajiye oba-obansu ba, kuma suna da gaskiya. Oba-oba biyu suna iya jin juna kai tsaye ko da duk turakun gari sun faɗi, suna da ƙarfin murya fiye da wayar salula, kuma an ƙera su yadda mai sanye da safar hannu a cikin hayaƙi zai lalubo maɓalli. Birtaniya, wadda ta yi niyyar sauya Airwave ɗungurungum da tsarin salula, ta ba da kwangila a 2015 da nufin kashe tsohon tsarin a ƙarshen 2019, amma aikin ya yi ta jinkiri har aka ɗage wa'adin zuwa wajen 2029. A tsakanin nan ƙasar na biyan kuɗin tsari biyu, kuma a 2023 hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙayyade farashin da Motorola, mai mallakar Airwave tun 2016, zai riƙa karɓa, bayan ta gano cewa ana cajin hukumomin agaji kusan fam miliyan 200 a shekara fiye da kima. Tsari guda ga ƙasa baki ɗaya yana kawar da matsalar zango, amma yana miƙa wuyan ƙasa ga mai sayarwa ɗaya idan ba a yi hattara da kwangila ba.

Nijeriya ta taɓa gwada sayen maganin a dunƙule. A 2010 gwamnatin tarayya ta ƙulla kwangilar dala miliyan 470 da kamfanin ZTE na Sin, mafi yawanta da bashin bankin Exim na ƙasar, domin gina tsarin sadarwar tsaro na ƙasa. Jama'a sun fi tuna kyamarorin da aka kakkafa a titunan Abuja da Legas, amma aikin ya haɗa da hanyar sadarwa ta musamman ga jami'an tsaro. Tsarin bai yi aikin da aka yi alkawari ba, har majalisar wakilai ta gudanar da bincike a kansa. Lambar gaggawa ta 112, wadda hukumar sadarwa ta ƙasa ta gina wa cibiyoyi a jihohi, ci gaba ne na gaske, amma aikinta shi ne haɗa mai kira da hukumar da ta dace, ba haɗa hukumomin da juna a bakin gobarar kasuwa ko wurin ambaliya ba. A irin wannan wuri za a tarar da 'yan sanda, da sojoji, da jami'an sibil difens, da jami'an kiyaye haɗurra, da 'yan kwana-kwana na tarayya da na jiha, da ma'aikatan NEMA da na hukumar agajin jiha, kowa yana amsa umarni daga wani ofishi daban, kuma idan shugabanninsu suna son jin juna, abin da ya fi kusa da hannu shi ne wayar salula da lambar wanda aka sani. Wannan dogaro yana da haɗari na musamman a arewa, inda aka katse layukan waya da gangan saboda tsaro a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, da kuma Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna a 2021. A duk tsawon irin wannan katsewa, motar asibiti ko ta kashe gobara da ba ta da oba-oba mai shiga tashar jami'an tsaro ba ta da hanyar sanin ko titin da za ta bi a buɗe yake. Gwamnatin jiha tana iya fara gyara wannan ba tare da jiran wata babbar kwangila daga Abuja ba: ta tara shugabannin hukumomin da ke jihar su sa hannu a kan wanda zai jagoranci gobara da wanda zai jagoranci ambaliya da wanda zai jagoranci harin bam, a keɓe tasha ɗaya ta shugabanni a saita ta a na'urorin da ake da su, a ajiye 'yan oba-oba na aro ga hukumar da tata ba ta shiga, sannan a riƙa gwada tashar kowane mako da kuma a taruka irin na hawan sallah, inda hukumomin kan haɗu dama.